Gyaran hanci: aikin awa uku, jinyar shekara guda

A titunan arewacin Tehran, babban birnin Iran, za ka ci karo da budurwa ko saurayi da farin filasta manne a karan hanci, ƙasan idanu ya yi duhu kamar wanda ya kwana yana kuka, amma babu mai waiwayen su. Kowa ya san daga inda suka fito: daga hannun likitan gyaran hanci. Abin ya zama ruwan dare har 'yan jarida sun sha ba da labarin masu liƙa filastar alhali wuƙa ba ta taɓa su ba, don dai a ce su ma sun yi. A 2005 wani mai shirya finafinai ɗan ƙasar, Mehrdad Oskouei, ya yi fim sukutum a kan wannan al'ada. Wasu masu nazari na danganta lamarin da dokar rufe kai da ta zama tilas ga mata a farkon shekarun 1980, wai fuska ce kaɗai ta rage a fili, hanci kuwa shi ke zaune a tsakiyarta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai maza ma suna cikin layin.

Istanbul kuwa ta mayar da abin sana'ar baƙi. Asibitoci masu zaman kansu na haɗa maka komai a farashi guda: direba daga filin jirgi, otal, tafinta, tiyata, da ranar cire filasta. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya, ISAPS, ta ƙiyasta cewa an yi wa mutum fiye da miliyan 1 gyaran hanci a faɗin duniya a 2023 kaɗai.

Mu ma ba baƙi ba ne a son hanci. Na tashi ina ganin kakata, Allah ya jiƙanta, idan ta zauna wankan jariri. Takan tsoma tsumma a ruwan ɗumi, ta matse, ta gasa wa jaririn fuska, sannan ta kama karan hancinsa da yatsu biyu ta ja a hankali, sau uku ko huɗu, don kada ya tashi da hanci a baje. Jan bai taɓa canza wa kowa halitta ba, domin hanci gado ne, amma ya nuna abin da ido ke so. Marubutan littattafan soyayya na Kano kuwa, da wuya su siffanta kyakkyawa ba su ce tana da hanci har baka ba. Yanzu wayar hannu ta shigo, manhajojin hoto na sirance wa mutum hanci kafin ya ƙifta ido, tallar asibitocin Turkiyya kuma na biyo shi har ɗaki ta Instagram. Tallar hoto biyu take nunawa, na kafin aiki da na bayansa. Amma bayan aikin akwai shekara guda cur ta kumburi da toshewar hanci da zullumi, ita ce ba a sawa a talla.

Sana'ar da aka fara don wanda aka yanke

Masu neman ƙarin kyau a ƙarshe suka shigo wannan fage. Waɗanda suka fara zuwa, mutane ne da ba su da hancin gaba ɗaya. A tsohuwar Indiya yanke hanci horo ne da ake yi wa mai laifi ko fursunan yaƙi, kuma tun ƙarnoni kafin zuwan Musulunci littafin likitancin Sushruta ya bayyana yadda ake gyara shi: a auna girman hancin da ganye, a yanko fata daidai wannan girma daga kunci ba tare da an tsinke ta gaba ɗaya ba, a juyo ta a ɗinke, a zura bututu biyu don numfashi.

A watan Oktoban 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin wani mai kora shanun kaya na sojojin Ingila a Indiya, Cowasjee, wanda dakarun Sarki Tipu suka kama suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Wani gwani a kusa da garin Pune ya ƙera masa sabon hanci da fatar goshinsa. Wannan labari ne ya zaburar da likita Joseph Carpue, ya gwada dabarar a Landan a 1814, ta kuma yi. Kafin nan, a 1597, Gaspare Tagliacozzi na birnin Bologna a Italiya ya wallafa tasa hanyar, inda ake yanko fata daga dantse, a ɗaure hannun mutum a jikin kansa na kusan mako uku har fatar ta kama.

Sai a 1887 John Orlando Roe, wani likita a Rochester ta Amurka, ya ba da rahoton gyara lafiyayyen hanci ta cikin kafofinsa, ba tare da barin tabo a waje ba. Jacques Joseph na Berlin ya biyo baya a 1898, ya kuma shimfiɗa ƙa'idojin da har yau ake bi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake dawo da sana'ar ga asalinta: a asibitin Sidcup na Ingila da aka buɗe a 1917, Harold Gillies da abokan aikinsa sun yi wa sojoji fiye da 5,000 aiki, waɗanda harsashi da ɓaraguzan bam suka ɗauke wa rabin fuska.

Abin da ke faruwa a ɗakin tiyata

Kashi ɗaya cikin uku na saman hanci ƙashi ne, sauran guringuntsi. A ciki akwai shamakin da ya raba kafofin biyu, shi ne ginshiƙin da ke riƙe da ginin. Fata kuma mayafi ce kawai da aka lulluɓa a kai. Likita ba ya sassaƙa fata. Tsarin da ke ƙarƙashinta yake canzawa, sannan ya jira ta kwanta a kan sabon tsarin. Wannan jiran shi ne jinyar.

Galibi akan sa mutum barci gaba ɗaya, aikin kuma kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku. Wani likita ta cikin kafofin hanci yake shiga. Wani kuma yakan ƙara ɗan yanka a siririyar fatar da ke tsakanin kafofin, ya ɗage fatar hancin sama yadda zai ga komai ƙuru-ƙuru. Idan akwai tozo a karan hanci, a goge shi da magagari ko a sare shi. Da an sare, sai saman ya zama a buɗe kamar ɗakin da aka yaye wa rufi, dole a karya ƙasusuwan gefe biyu da ɗan ƙarfe mai kaifi da 'yar guduma, ko da na'ura mai aiki da girgiza, a matso su su haɗu. Wannan karayar ce ke sa idanu kumbura su yi baƙi. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi.

Hancin mafi yawan baƙar fata daban yake da na mutanen Tehran ko Istanbul, kuma wannan magana ce da ya kamata mai niyya ya riƙe da hannu biyu. A can yawanci ragewa ake yi. A wajenmu ƙari ake bukata, domin karan hancin a kwance yake, guringuntsin tsinin yana da laushi, fatar kuma tana da kauri da maiƙo. Don a ɗaga shi sai an samo guringuntsi, kuma sau da yawa na shamakin ciki ba ya isa, sai a yanko daga bayan kunne ko daga haƙarƙari. Ke nan ciwo ya zama biyu. Waɗanda aka ɗebi na haƙarƙarinsu sukan ce zafin ƙirji ya fi na hancin, musamman wajen tari ko tashi daga kwance. Ƙirji da kunne kuma suna cikin wuraren da tabo ya fi yin tudu yana girma a jikin baƙar fata. Wasu likitoci kan gujewa wannan su sa roba, amma roba baƙuwa ce a jiki: tana iya gocewa, ko ta jawo ruɓa, ko ta huda fata ta fito bayan shekaru. Idan kuma za a rage faɗin kafofin, akan yanke ɗan yanki a inda hanci ya haɗu da kunci. Abin da aka yanke a nan ba ya dawowa.

Makon farko

Mutum kan farka da ɗan kwasfa na roba ko ƙarfe a kan hanci, aikinsa ɗaya da karan ɗori, da auduga a ƙarƙashin kafofin tana tare jini-jinin da ke ɗiga. A ciki kuma sau da yawa akwai faifan roba biyu da aka ɗinke a jikin shamakin. Abin mamaki, zafin bai kai yadda ake zato ba. Abin da ke gallabar mutane shi ne toshewa. Ka tuna mura mafi tsanani da ka taɓa yi, wadda ba ka da damar fyacewa. Da baki ake numfashi dare da rana, maƙogwaro ya bushe, leɓe ya tsage, abinci ya rasa ɗanɗano saboda ƙamshi ba ya shiga. Barci kuwa a rigingine, da matasai biyu ko uku a ƙarƙashin kai, ba juyi.

Rana ta biyu da ta uku kumburi ke kai maƙura. Wani idanunsa kan kusa rufewa, jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata ya gangaro zuwa kunci. A nan ne da yawa ke fara da-na-sani, su kaɗai a ɗakin otal a ƙasar da ba su jin harshenta.

Dokokin kwanakin nan ƙanana ne, amma kowace na da dalili. Ba a fyace majina. Idan atishawa ta zo, a buɗe baki a sake ta. Ba a sunkuyawa, ba a ɗaukar kaya mai nauyi. Ba a shan asfirin da danginsa, domin suna tsinka jini. Taba da shisha kuwa tun makonni kafin aiki ake barin su, saboda suna takure jijiyoyin da ke kai wa fata jini, kuma fatar da aka ɗage aka mayar ba ta da abin dogaro sai su. Rigar da ake zurawa ta kai, a ajiye ta a nemi mai maɓalli a gaba. Hijabi ma sai an sa shi da lura. Tabarau ba ya hawa karan hanci sai bayan aƙalla mako huɗu, haka duk abin da zai danne wurin, har da niƙabi. Mai shayarwa ko mai ƙaramin yaro ta yi hattara ƙwarai, don karo ɗaya da kan yaro ya isa ya gusar da ƙashin da bai gama kamawa ba.

Ga Musulmi akwai tambayar da takardar sallama daga asibiti ba ta cika amsawa: alwala da sujada. Ba a shaƙa ruwa, ba a jiƙa kwasfan, ba a kifa kai ƙasa, balle a ɗora hanci a kan darduma. Fiƙihu ya riga ya yi wa mai rauni sauƙi, da shafa a kan ɗauri da yin salla a zaune da nuni. Abin da ya rage shi ne mutum ya tambayi likitansa yaushe zai koma cikakkiyar sujada, ya kuma tambayi malaminsa tun kafin ya kwanta a gadon tiyata.

A wajen rana ta bakwai ake cire kwasfan da zaren ɗinki. Ma'aikaciyar jinya ta jiƙa filastar, ta ɓamɓare a hankali, ta zaro faifan robar daga ciki, iska ta shiga a karon farko, mai sanyi har tana sa hawaye. Sai a miƙo madubi. Abin da mutum zai gani hanci ne mai ƙyalli, kumburarre, tsininsa a ɗage sama, ba ya jin taɓi idan an taɓa shi. Wani ya yi murna, wani ya fashe da kuka. Duk biyun sun yi gaggawa, domin wannan ba shi ne hancin da za su zauna da shi ba. A ranar ce kuma ake ɗaukar hoton da za a sa a talla, a cikin 'yan mintocin da kwasfan ya bar fatar a matse, kafin kumburi ya sake dawowa da yamma.

Watannin da ba a ɗauka a hoto

Hukumar lafiya ta Birtaniya na ba da shawarar a jira kwana 7 zuwa 10 bayan aikin fuska kafin a hau jirgi. Baƙin ido kan washe cikin mako biyu zuwa uku, a lokacin mutum zai iya komawa aiki. Motsa jiki mai ƙarfi sai bayan mako huɗu zuwa shida, lokacin da ƙashi ya kama. Daga nan sai haƙuri. Kumburin na sauka ne daga sama zuwa ƙasa, tsinin hanci shi ne na ƙarshe. Da safe ya cika, da yamma ya sace. Yau gefen dama ya fi, gobe na hagu. Mai siririyar fata kan ga kamanninsa na gaskiya a shekara guda. Mai kaurin fata yakan kai shekara ɗaya da rabi, wani har biyu, wani ma sai likita ya riƙa yi masa allura a wurin don tsokar tabo ta kwanta.

Wanda ya dawo gida cikin hunturu yana da ƙarin aiki. Ƙura da bushewar iska na sa cikin hanci ya yi ɓawo ya tsage, haɓo ya biyo baya. Ruwan gishirin da ake fesawa da ɗan man da likita ya rubuta su ne abokan tafiya, kuma yatsa ba ya shiga. Rana na iya sa sabon tabo ya yi baƙi ƙirin ya zauna haka. Mai shafa man bilicin kuwa wajibi ne ta faɗa wa likita gaskiya tun farko, domin da yawa daga cikin mayukan nan na ɗauke da sinadaran da ke sirance fata su hana rauni warkewa da wuri.

A nan ne nake ganin babbar matsalar tafiya waje. Jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ruwa mai wari, fatar da ta fara canza launi, duk abubuwa ne da ke bukatar idon likita a ranar, ba saƙon WhatsApp ba. Wanda ya yi aikin yana nesa da dubban kilomitoci, na gida kuma bai san abin da aka yanke da abin da aka dasa ba. Duk mai tafiya ya karɓo cikakken rahoton tiyatarsa a rubuce, ya kuma san likitan kunne da hanci da maƙogwaro da zai duba shi idan ya dawo. 'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a Sifaniya a watan Oktoban 2005 ba, bayan tiyatar rage kitse. Ba hanci aka yi mata ba, amma ta tuna wa kowa cewa tiyatar ado ma tiyata ce.

Rubuce-rubucen likitoci kan nuna cewa tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gyaran hanci sukan koma a sake. Aiki na biyu ya fi wuya, ya fi tsada, kuma sai an jira aƙalla shekara. Wasu don kamanni suke komawa, wasu kuwa don numfashi. Hanci na tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta, kimanin lita 10,000 a kowace rana. Idan aka rage guringuntsi fiye da kima, gefen hancin kan rufta ciki duk lokacin da mutum ya ja numfashi. Wani kuma shamakin ya huje, ya riƙa fito idan yana numfashi. Babu kyan da zai biya mutum barcin da ya rasa.

Akwai kuma gajeriyar hanya da ta fara yaɗuwa a shagunan kwalliya: allurar cike fata, wadda ke ɗaga karan hanci cikin minti goma sha biyar ba tare da yanka ba. Jijiyoyin jinin hanci a haɗe suke da na ido. Idan sinadarin ya shiga jijiya, fata na iya mutuwa, ido na iya makancewa nan take, kuma hanci na cikin wuraren da aka fi samun wannan masifa. Wannan ba aikin mai kitso ko mai lalle ba ne, kome ƙwarewarta a nata fage.

Ido da zuciya

A 2018 likita Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers a Amurka da abokan aikinsa sun nuna cewa hoton da aka ɗauka a tazarar santimita 30 na ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, idan aka kwatanta da wanda aka ɗauka a tazarar mita ɗaya da rabi. Ma'ana, yarinyar da ke kallon kanta a kyamarar gaba ta waya tana ƙin hancin da ba nata ba. Wani bincike a Leuven ta Beljiyam a 2011, a kan mutum 226 masu neman gyaran hanci, ya gano kashi ɗaya cikin uku na da alamun wata lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya riƙa ganin muni a jikinsa inda wasu ba sa gani. Irin wannan wuƙa ba ta warkar da shi. An gyara nan, ido ya koma can. Fitacciyar mai tallan kayan sawa Bella Hadid, wadda mahaifinta Bafalasɗine ne, ta bayyana a 2022 cewa an yi mata gyaran hanci tana da shekara 14, kuma ta yi nadamar rabuwa da hancin kakanninta.

Malamai sun daɗe da bambance gyaran aibi da canza halitta. Hujjar da aka fi kawowa ita ce labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. A zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta tiyatar gyara abin da haɗari ko cuta ko lahanin haihuwa ya ɓata, ta kuma hana wadda ake yi wa lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayo, har ta ambaci hanci da suna. Manyan malaman Iran kuwa ba su ɗauki aikin haramun a karan kansa ba. Wanda shamakin hancinsa ya karkace har yana hana shi numfashi, ko wanda haɗarin mota ya murƙushe wa fuska, kowa ya yarda magani yake nema.

Irin waɗannan ne ke cika wani asibiti a Sakkwato. Tun 1999 aka buɗe shi domin masu cutar noma, wadda ke farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin 'yan makonni, galibi a jikin yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana. Idan ba a yi magani ba, har tara cikin goma na iya mutuwa, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da ita idan an zo da wuri. Ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da asibitin tun 2014, kuma a Disambar 2023, bayan fafutukar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Daga ƙauyukan Sakkwato da Kebbi da Zamfara ake kawo su, wasu sun shafe shekaru fuska a rufe da gyale. Wanda hancinsa ya tafi, sau da yawa fatar goshinsa ake juyowa, kamar yadda aka yi wa Cowasjee, a tallafe ta da guringuntsin kunne ko na haƙarƙari. Fatar takan zauna kusan mako uku a maƙale da goshin ta wani siririn reshe da ke shayar da ita jini, sannan a sake shiga da shi ɗakin tiyata a raba su. Wani sai an yi masa aiki uku ko huɗu, tsakanin kowanne watanni, kyauta, uwarsa ko kakarsa na zaune a gefen gado tana jira.